Waiwaye: Ariya Jutanugarn da ƙofar da aka buɗe wa 'yan matan Tailan a gida

Tun da Atthaya Thitikul, wadda aka fi sani da Jeeno, ta ɗare matsayi na ɗaya a golf na mata a 2022 tana da shekara 19, sannan ta lashe dala miliyan 4 a gasar rufe kaka ta 2024, masu bin wasan suke ta ja-in-ja a kan tambaya guda: daga ina 'yan matan Tailan suka ɓullo haka? Wasu sun ce albarkacin Tiger Woods ne, tunda mahaifiyarsa 'yar Tailan ce. Wasu sun ce kwaikwayon Koriya ta Kudu aka yi. Akwai ma masu ganin sa'a ce kawai ta haɗa haziƙai a zamani ɗaya. Ni dai ban gamsu da ko ɗaya ba, domin ruwa ba ya tsami banza.

Abin da kowa ya sani ba ya buƙatar dogon bayani. Tiger ya je Tailan ya ci gasa a 1997, ƙasar ta ɗauka. Thongchai Jaidee, tsohon sojan laima, ya zama ɗan Tailan na farko da ya ci gasar rukunin Turai, a Malesiya a 2004. Sai 2016, shekarar da Ariya Jutanugarn ta ci gasa uku a jere cikin watan Mayu a Amurka, ta ƙara da babban kofin mata na Birtaniya a Woburn, abin da babu ɗan Tailan, mace ko namiji, da ya taɓa yi. A Yunin 2017 ta zama ta ɗaya a duniya. Yawancin masu sharhi daga nan suke fara labarin.

Amma shekara goma kafin wannan, an yi wani abu da ba a cika tunawa da shi ba. A 2006 aka fara gasar Honda LPGA Thailand, ɗaya daga gasannin LPGA, rukunin ƙwararrun 'yan golf mata na Amurka, a lardin Chonburi, wato aka kawo manyan 'yan wasan duniya har gida, aka kuma bar 'yan gurabe ga 'yan ƙasa. Kafin nan, yarinyar da ke son ganin gwanayen wasan sai dai ta gan su a talabijin cikin dare, suna buga ƙwallo a wata nahiyar. Yanzu kuwa ga su tafiyar awa biyu a mota daga Bankok. Tana iya tsayawa bakin igiya ta ji ƙarar sanda, ta ga yadda suke auna iska, ta lura cewa su ma ƙwallonsu yana faɗawa ramin yashi.

Da aka zagayo a 2007, wata yarinya 'yar shekara 11 ta shiga wasan neman gurbi ta kuma tsallake. Ita ce Ariya, kuma ba a taɓa samun mai ƙarancin shekarunta da ta cancanci shiga gasar LPGA ba a lokacin. Mahaifinta yana da shagon kayan golf a wani fili kusa da Bankok, a nan ita da yayarta Moriya suka taso, sanduna su ne kayan wasansu. Ba kofi ta ci a wannan makon ba. Abin da ta samu shi ne ta taka fili ɗaya da matan da take gani a hoto, ta auna bugunta da nasu tun ba ta gama firamare ba. A ganina wannan ya fi duk wata huɗubar mai horarwa amfani, domin tsoron abu yana raguwa ne idan an gan shi kusa.

Wannan gasa kuma ita ce ta ɗanɗana mata baƙin cikin da ya fi kowane. A Fabrairun 2013, a filin Siam Country Club da ke Pattaya, Ariya tana da shekara 17 ta iso rami na 18, wato na ƙarshe, tana gaba da bugu biyu. A golf mai ƙarancin bugu shi ke nasara, kuma ramin an tsara a kammala shi da bugu biyar ne. Da ta yi shida ma, kofin nata ne. Sai ta nemi isa da bugu biyu, ƙwallon ya maƙale a leɓen ramin yashi, aka ci ta tarar bugu ɗaya, na gaba ya wuce ramin ƙwallo, ɗan gajeren bugun da zai ba ta damar yin kunnen doki shi ma ya kauce. Takwas ta yi. Inbee Park ta Koriya ta Kudu, wadda ta riga ta gama wasanta, ta ɗauki kofin. Moriya ta rungume ƙanwarta tana kuka a gaban dubban 'yan ƙasarsu. Har yau idan na tuna hoton nan sai zuciyata ta sosu, amma ina kuma tuna yawan ƙananan yaran da suka gani da idonsu cewa saura ƙiris 'yar gida ta doke duniya.

Bayan haka ta ji ciwo a kafaɗa aka yi mata tiyata, a 2015 kuma sau goma a jere ana sallamar ta tun rabin gasa. Da ta dawo, ta dawo da wata ɗabi'a: ɗan murmushi kafin kowane bugu, don ta kwantar da hankalinta. Ya yi mata rana a babban kofin Amurka na 2018 a Shoal Creek, inda ta ɓarar da ratar bugu bakwai a ramuka tara na ƙarshe, amma ta daure ta ci a wasan raba gardama.

Ƙofar da ta bi kuwa ba a rufe ba. A Fabrairun 2017 Atthaya, 'yar lardin Ratchaburi, ta buga wannan gasa ta gida tana da shekara 14, watanni kaɗan bayan haka ta ci gasar rukunin matan Turai a Pattaya. Patty Tavatanakit ta ɗauki babban kofi a Kalifoniya a 2021. A 2023 su biyun tare da Ariya da Moriya suka ci wa Tailan kofin ƙasashe a San Francisco.

A Mayun 2021 Ariya ta koma Siam Country Club, ta gama zagayen ƙarshe da bugu 63, ta koma gefe tana jira, kamar yadda Inbee Park ta jira ta shekara takwas da suka wuce. Wadda ke biye da ita ta zo rami na 18 tana buƙatar bugu ɗaya ya shiga, bai shiga ba. Ariya ta durƙusa ta fashe da kuka, ta zama 'yar Tailan ta farko da ta ci gasar ƙasarta. Wadda ta zo ta biyu da ratar bugu ɗaya ita ce Atthaya, tana da shekara 18.