Sitokin Masu Tayar da Kumburi da Ake Haɗawa a Ɗakin Gwaji

Sitokin ƙananan furotin ne da ƙwayoyin garkuwar jiki ke aika wa junansu saƙo da su. Wasu daga cikinsu su ke tayar da kumburi da zazzaɓi, fitattu a ciki su ne TNF, IL-1 da IL-6. Ɗan kaɗan jiki ke fitarwa, ba ya isa a tato daga jini a yi bincike da shi. Don haka masana kan ɗauki ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin ɗin, su dasa ta cikin bakteriyar E. coli, ko yis, ko ƙwayoyin dabba da ake reno a kwalba. Waɗannan su yi ta samar da shi, sannan a tace.

Tarihi

A 1975 Lloyd Old da abokan aikinsa a cibiyar Sloan-Kettering da ke New York suka gano TNF, bayan sun ga wani abu a jinin ɓeraye yana kashe ƙarin ciwon daji. A 1984 masanan kamfanin Genentech suka kwafi ƙwayar gadonsa. IL-6 kuwa Toshio Hirano da Tadamitsu Kishimoto ne suka kwafe shi a Osaka ta Japan a 1986. Samun furotin ɗin a wadace ya taimaka wa binciken da ya kai Marc Feldmann da Ravinder Maini na Landan ga nuna cewa toshe TNF na sauƙaƙa amosanin gaɓɓai. A Gambiya ma, a 1990, an ga yawan TNF a jinin yaran da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa musu ƙwaƙwalwa.

Yadda ake aiki da shi

Busasshen gari ake sayarwa, 'yan maikurogiram (kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a ƙasan kwalba, wani lokaci ido ba ya ma ganinsa. Ana narkar da shi, a ƙara masa albumin, wani furotin na jini, don kada ya manne a jikin roba, a rarraba kashi-kashi a daskarar a digiri 20 ko 80 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Yawan narkarwa da sake daskararwa na kashe ƙarfinsa.

Babbar matsalar ita ce tsafta. Ɓawon E. coli na ɗauke da guba mai suna LPS, wadda ita kanta ke sa ƙwayoyin garkuwa fitar da TNF da IL-6. Ɗigonta kaɗan ya isa ya ruɗi mai bincike, ya ɗora wa sitokin aikin da gubar ta yi. Shi ya sa ake auna ta da gwajin LAL, wanda ake haɗawa daga jinin wata halittar teku mai kama da ƙaguwa. Mai hankali ba ya sayen kwalbar da takardarta ba ta nuna wannan awo ba.

Sai kuma batun nau'in halitta: IL-6 na ɗan'adam na aiki a ƙwayoyin ɓera, amma na ɓera ba ya aiki a na mutum.