Me ake nufi da "taifot ya huda masa hanji"?

A bakin ɗakin tiyata, a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, kana iya jin dangi suna cewa, "Wai taifot ne ya huda masa hanji." Ba ƙarin gishiri a maganar, huda ce ta gaske.

Ƙwayar cutar, Salmonella Typhi, tana shiga jiki ta ruwa ko abincin da najasa ta gurɓata. Ta fi yin ɓarna a ƙarshen ƙaramin hanji, dab da mahaɗarsa da babban, inda wasu 'yan kaluluwa suke a jikin bangon. Sai su kumbura su zama gyambo, gyambon ya yi ta ci har ya ɓula, galibi a mako na 2 ko na 3 da fara zazzaɓin. Daga nan ƙazantar hanji ta tsiyaye cikin ciki: ciwo mai tsanani, amai, ciki ya kumbura ya yi tauri kamar allo. Yara ya fi kamawa.

Nan fa ba sauran zancen kemis ko jiƙo, sai wuƙar likita. Kafin a shiga da mara lafiyar tiyata ana yi masa ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta, wani har da jini. Idan huda ɗaya ce, a gyara bakinta a ɗinke. Idan sun yi yawa, a yanke ɓangaren da ya lalace a haɗa sauran. Wanda ya galabaita sosai kuwa akan fito masa da bakin hanji ta fatar ciki, bayan gida ya riƙa zuba a jaka, sai ya murmure a mayar.

Me ya sa wani ke tashi, wani ya rasu? Yawan hudar da yawan ƙazantar da ta zuba suna da tasiri, haka ma idan jini ya riga ya faɗi. Amma babban abin shi ne jinkiri. Wanda aka yi wa aiki kafin awa 24 ta cika da ɓulewar ya fi samun sa'a nesa ba kusa ba. Mu kuwa, a gaskiya, sai an sha na gida, an jira maigida ya dawo daga kasuwar Kwari, an yi karo-karon kuɗin aiki, kwana uku sun wuce.

Bayan tiyatar ma da saura. Ɗinki na iya yin ruwa ko ya warware, wata sabuwar huda na iya ɓullowa, shi ya sa ba a saurin sallamar mai wannan ciwo.