Mabiyiya ba katanga ba ce

Duk mai karɓar haihuwa ta san aiki bai ƙare ba sai mabiyiya ta faɗo. Mukan shimfiɗa ta, mu juya ta, mu duba ko wani guntu ya maƙale a mahaifa, domin shi kan jawo zubar jini. Nauyinta kusan rabin kilo ne, faɗinta wajen santimita 20. Gefen jariri sumul yake yana sheƙi, jijiyoyi sun bazu daga igiyar cibiya kamar saiwar bishiya, gefen uwa kuwa ja wur, gunduwa-gunduwa.

Ita da jaririn tushensu ɗaya. Kwana 6 zuwa 7 bayan ƙwai ya haɗu da maniyyi, sai ya manne a bangon mahaifa, ƙwayoyin da ke bayansa su fara kutsawa ciki. Su ne ke fitar da sinadarin da abin gwajin ciki ke ganowa a fitsari. Zuwa mako na 12 mabiyiya ta kankama: ita ce huhun jariri, ita ce hanjinsa da ƙodarsa. Jinin uwa da na ɗa ba sa cuɗanya, wani siririn tantani ne a tsakani, ta nan iskar numfashi da abinci ke shiga, ƙazanta ta fita. A watanni ukun ƙarshe ta nan ne garkuwar jikin uwa ke kwarara zuwa ga ɗa.

An daɗe ana zaton mabiyiya tana hana duk wata cuta kaiwa ga jariri. Amma a 1941 wani likitan ido a Ostareliya, Norman Gregg, ya lura cewa matan da suka yi ƙyandar rubela a farkon ciki suna haifar yara masu yanar ido. Daga baya maganin talidomaid, wanda aka fara sayarwa a Jamus a 1957 kuma masu laulayi suka riƙa sha, ya sa aka haifi yara fiye da 10,000 da tawaya, da yawa da guntayen hannaye da ƙafafu. Giya na ratsa mabiyiya. Cutar tunjere ma haka, da Zika, wadda ta bar jarirai da ƙananan kawuna a Burazil a 2015.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Gaɓoɓin jariri suna ƙiruwa ne tsakanin mako na 3 da na 8 da samun ciki, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka kuwa yana rufewa cikin kwana 28. Mace da yawa a lokacin ba ta ma tabbatar ɓatan wata ta yi ba. Shi ya sa muke cewa a fara shan folik asid, bitamin da ke taimaka wa bututun nan ya rufe daidai, maikirogiram 400 kullum, tun ana shirin ɗaukar ciki, mai ciwon suga kuma ta daidaita shi tukuna.

Kada dai a ɗora wa uwa laifi. Wasu tawayar daga ƙwayoyin gado suke, na uwa ko na uba, kuma kusan rabinsu har yau likitoci ba su gano sanadinsu ba.

'Yar'uwa, in kina shan maganin farfaɗiya, musamman balfuroyet, wanda kan iya jawo wa jariri tawaya, kada ki yanke shi da kanki, don tashin ciwon ma haɗari ne gare ku ku biyu. Ɗauko kwalin ki kai wa likita kafin ciki ya shiga, a duba ko za a sauya miki.