Waiwaye: Shekarun da rumbunan duniya suka bushe tare

Fari a ƙasa ɗaya bai taɓa jefa duniya cikin yunwa ba, domin idan gonar wani ta ƙi, ta wani takan yi. Abin da masana ke tsoro shi ne manyan ƙasashen da ke ciyar da sauran su rasa amfanin gona a shekara guda.

An taɓa ganin haka. Tsakanin 1876 da 1878, ɗumamar ruwan tekun Fasifik da ake kira El Nino ta hana ruwan sama a Indiya da arewacin Sin da arewa maso gabashin Brazil lokaci guda. A Sin kaɗai an ƙiyasta mutum miliyan 9 zuwa 13 suka mutu. A Indiya kuwa mutane na faɗuwa a kan hanya, Turawan mulkin mallaka na ci gaba da loda alkama a jiragen ruwa zuwa Ingila.

A 1972 noman Tarayyar Sobiyet ya lalace, ta sayi hatsin Amurka mai ɗimbin yawa a asirce, farashi ya yi tashin gwauron zabo daidai lokacin da fari ke cin yankin Sahel. Wannan yunwa na cikin dalilan da Seyni Kountché ya bayar da ya kifar da shugaban Nijar Diori Hamani a Afrilun 1974. A Nuwamban shekarar aka yi taron abinci na duniya a Roma, inda sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, Henry Kissinger, ya ce cikin shekara goma babu yaron da zai kwana da yunwa. Maganar fatar baki ce, domin 1984 ita ce shekarar yunwar Habasha.

Waɗancan duk sun faru kafin zafi ya kai yadda yake yanzu. A bazarar 2010 zafi ya haura digiri 38 a Mosko, gonaki suka ƙone, Rasha ta hana fitar da hatsi a watan Agusta, burodi ya yi tsada a Masar. A 2022 zafin watan Maris ya ƙona alkamar Indiya tana shirin nuna, gwamnati ta rufe fitarwa a Mayu, alhali yaƙin Yukiren ya riga ya toshe wata hanyar. Bayan shekara guda Indiya ta hana fitar da farar shinkafa. Ba a ga laifin mai rumbu idan ya fara tuna iyalinsa, amma ƙasashe irin Najeriya da ke sayo kusan dukan alkamarsu daga waje su ke kwana a ciki.

A Faris a 2015 an amince a yi ƙoƙarin tsayar da ƙarin zafin duniya a digiri 1.5 sama da yadda yake kafin zamanin masana'antu. Hukumar yanayi ta duniya ta ce 2024 ta kai kusan 1.55. Wani babban bincike na 2017 ya nuna kowane ƙarin digiri ɗaya na rage alkama da kusan kashi 6 cikin ɗari, masara kuma kashi 7.