"Jikina ya saba da maganin": mene ne bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani?

Da zarar sanyin Disamba ya sauko Jos, sai gaban kemis ya cika da masu mura da tari da ciwon maƙogwaro. Wata ranar da yamma ina tsaye a wani kemis na unguwarmu, sai ga wata dattijuwa ta miƙa wa mai shagon tsohon kwalin magani ta ce, "Ɗana, wannan kam ya daina yi mini. Jikina ya saba da shi. Ba ni wanda ya fi shi ƙarfi." Ya ce, "To Mama, akwai wani, amma da ɗan tsada." Ta kwance bakin zane ta ƙirga abin da ke ciki, ta ce ya ba ta na kwana biyu tukuna, in Allah ya hore za ta dawo.

Kusan kowannenmu ya taɓa faɗin maganar nan ko ya ji ta a gida. Rabinta gaskiya ne, maganin ya daina aiki. Sai dai ba jikin Mama ne ya saba da shi ba, ƙwayar cutar ce ta daina jin sa. Wannan shi ne abin da likitoci ke taƙaitawa da haruffa uku, AMR, gidajen rediyo kuma suke kira bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani. Wasu na cewa juriya, amma ni na fi son bijirewa, don ta fi nuna abin da ke faruwa: abin da a da yake jin magana, yanzu ya ƙi ji.

Akwai magungunan da jiki ke sabawa da su da gaske, irin su tramadol da maganin barci, inda mutum zai yi ta ƙara yawan abin da yake sha kafin ya ji aikinsa. Wannan wata matsala ce daban, kuma ta mai shan ce shi kaɗai. Bijirewa ba ta tsayawa a jikin mutum ɗaya. Ƙwayar da ta gagari magani a cikin wani tana fita ta tari, ta bayan gida, ta hannun da ba a wanke ba, ta ruwan rijiya, ta shiga jikin wani. Jaririn da aka haifa jiya, wanda bai taɓa haɗiyar ko ƙwayar magani ɗaya ba, yana iya kamuwa da cutar da ta riga ta fi ƙarfin magani uku ko huɗu.

Ƙwayoyin cuta kala-kala ne. Bakteriya su ke kawo taifot da kwalara da tarin fuka da ciwon sanyi. Bairos shi ke kawo mura da ƙyanda da korona da ƙanjamau. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro jinsinta daban, haka ma masu kawo makero da ƙyasfi. Kowane rukuni da maganinsa, kuma kowanne yana iya bijirewa. Antibayotik, wato su Ampiclox da Septrin da kafso ja da yalo, bakteriya suke yaƙa. Ba su da abin da za su yi wa bairos. Murar sanyin nan da ke cika kemis, yawancinta bairos ne, za ta yi kwanakinta ta wuce ko an sha kafso ko ba a sha ba.

To ta yaya ƙwaya ke daina jin magani? Duk manomin tumatir da ke kawo kaya Farin Gada ya san amsar, ko da bai san sunanta ba. Ya fesa maganin ƙwari bana, tsutsa ta mutu saura 'yan kaɗan. 'Yan kaɗan ɗin nan su ne za su hayayyafa, baɗi gonar ta cika da jikokinsu, ya fesa maganin bara ya ga kamar ruwa ya zuba. Haka yake a jikin ɗan Adam, sai dai saurin ya fi haka nesa ba kusa ba. Wasu bakteriya, in sun sami wuri mai daɗi, kowace ɗaya na rabuwa biyu cikin kamar minti 20. A cikin miliyoyin nan ba a rasa wadda aka samu ɗan canji a halittarta, ta yadda za ta iya narkar da maganin, ko ta tofar da shi waje, ko ta toshe ƙofar da yake shiga. Maganin zai share sauran, ya bar mata fili. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bakteriya na iya miƙa wa juna wannan dabara, har tsakanin waɗanda ba jinsinsu ɗaya ba. Kuma hanjin kowane mai lafiya cike yake da bakteriya masu amfani. Duk lokacin da aka sha antibayotik, ko da ba a buƙatarsa, su ma suna shan horon.

Wanda ya gano antibayotik ɗin nan fenisilin a Landan a 1928, Alexander Fleming, shi da kansa ya yi gargaɗin haka lokacin da ya karɓi kyautar Nobel a 1945. Ya nuna fargabar zuwan ranar da kowa zai iya sayen maganin a shago, ya sha abin da bai kai ba, ya koya wa ƙwayoyin yadda za su tsira. Mu a nan ba ma buƙatar tarihin Turai don mu yarda. Duk wanda ya girma kafin 2000 ya san kulorokwin, maganin zazzaɓin cizon sauro, ya san ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wasu. Magani ne mai araha da ya yi shekaru yana ceton rayuka. Ƙwayar zazzaɓin ta fara bijire masa a Kudu maso Gabashin Asiya da Kudancin Amurka a ƙarshen shekarun 1950, ta iso Gabashin Afirka a 1978, ta bazu har Najeriya ta ajiye shi ta koma haɗin magungunan ACT a 2005. Yanzu kuma an fara ganin alamun bijirewa ga atemisinin, ginshiƙin ACT ɗin, a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya.

Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai, bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma suna da hannu a mutuwar kusan miliyan 5. Adadin farkon ya fi na waɗanda ƙanjamau ya kashe a shekarar, ya fi na zazzaɓin cizon sauro. Yankin da abin ya fi ƙamari idan aka auna da yawan jama'a kuwa shi ne namu, Afirka ta Yamma. Amma ba ka jin an ce wane ya rasu da bijirewa. Sai dai a ce, "An yi ta ba shi magani, abin bai ji ba."

Ba na son a ɗora wa Mama laifin nan, don ba ta da shi. Wanda ya sayi maganin kwana biyu ba ganganci ya yi ba, iya kuɗinsa ke nan. Zuwa asibiti na nufin kuɗin mota, kuɗin kati, kuɗin gwaji, da yinin da ba za a fita nema ba, kemis kuwa yana bakin layi kuma yana ba da bashi. Ga jabun magani: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane goma na magungunan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko mara inganci. Kafson da ke ɗauke da rabin sinadarin da aka rubuta a kwalinsa yana yi wa ƙwayar cuta irin horon da shan rabin magani ke yi, ko da mai shan bai tsallake ko sau ɗaya ba.

Amma akwai ɗabi'un da ba talauci ne ya kawo su ba, sabo ne kawai. Yaro ya yi gudawa sau biyu, an ba shi Flagyl, wanda shi ma antibayotik ne, alhali yawancin gudawar yara abin da take buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc. Ana buɗe ja da yalo a barbaɗa a gyambo. Ragowar maganin maigida ana ba ƙanensa don "ciwon iri ɗaya ne". Sai kuma babbar, "maleriya da taifot". Kusan duk wanda ya yi zazzaɓi ya je gwaji, da sunayen nan biyu yake dawowa. Gwajin Widal da aka fi yi wa taifot ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, yana nuna akwai taifot a jikin wanda ya taɓa yi tuntuni ya warke, har da mai zazzaɓin sauro zalla. Gwajin da ya fi tabbas shi ne wanda ake renon ƙwayar daga jini a ɗakin gwaji na 'yan kwanaki, a gane ko wace ce, a gwada mata magunguna a ga wanda take ji. Yana da tsada kuma ba ko'ina ake yi ba, shi ya sa ake ta ɗura wa mutane maganin cutar da ba su da ita. A Fakistan, tun 2016 suke fama da wani nau'in taifot da ya gagari kusan duk magungunan da aka saba ba shi.

Mu mutanen Filato muna da wani kaso na musamman a maganar nan, saboda kaji. Ƙwan Jos har wasu jihohi ake kai shi, kuma a Vom cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take tun 1924. Masu kiwo da yawa suna zuba antibayotik a ruwan kaji tun suna 'yan tsaki, ba don sun kamu ba, don kada su kamu. Na fahimci tsoron, wanda cuta ta taɓa share masa keji a dare ɗaya ba ya son ya sake gani. Amma magungunan dangin waɗanda muke sha ne. A jikin kwalinsu akwai kwanakin jira da ya kamata su wuce kafin a sayar da ƙwai ko a yanka kaza, ba kowa ke jira ba. Kashin kajin kuma buhu-buhu ake saye a kai lambu a yi taki, daga nan ya hau kabeji da latas da ake ci ɗanye.

Inda abin ya fi ciwo shi ne asibiti. Matar da aka yi wa tiyatar haihuwa, ɗan acaɓan da ya karye ƙashi ya fito, bakwainin da ke kwance a kwalba, duk antibayotik ne ke tsaye tsakaninsu da ruɓewar jini. Tarin fuka na yau da kullum wata 6 ake shan maganinsa, kyauta a asibitocin gwamnati. Idan ya bijire wa manyan magungunansa biyu, sai an koma wasu daban masu tsada da sa ido sosai, kuma duk wanda mai tarin ya shafa wa a ɗaki ɗaya, mai bijirewar zai ɗauka.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, da ke Abuja ta fitar da tsarin ƙasa na yaƙi da matsalar a 2017, ta sabunta shi a 2024, kuma duk shekara daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba ana makon wayar da kai a kanta a duniya. Waɗannan suna da amfani, amma ni a ganina rijiyar burtsatse mai ruwa mai tsabta a Gangare ko Unguwar Rogo, da allurar rigakafin da aka yi wa yaro a kan lokaci, sun fi taro rage shan antibayotik, tunda wanda bai kamu ba ba ya neman magani. Idan kuma an je wurin likita, babu rashin ladabi a tambaya: "Likita, wannan ciwon yana buƙatar antibayotik kuwa?" In ya ce a'a, kada a biya ta kemis a hanyar komawa gida. In ya ce i, a tambayi sau nawa a rana, kwana nawa, da jimillar kuɗin duka kafin a fara, don kada a tsaya a kwana na biyu.