Ruwa garau ba shi ne ruwa mai tsafta ba

Tun da ruwan sama ya kankama, da wuya rana ta faɗi ba a kawo mana yaro mai gudawa asibiti ido ya zurma ba, fatar ciki in ka ja ta sai ta tsaya. In na tambayi uwar wane ruwa suke sha, amsar ɗaya ce: "Ai ruwan rijiyarmu garau yake, Malama." Wallahi wannan garau ɗin na ƙona min rai.

Iyayena, ido ba ya ganin ƙwayar kwalara. Ambaliya ta bi ta masai, ta kwaso ƙazanta, ta juye a rijiya. Kwana biyu laka ta kwanta, ruwa ya washe, sai ku ce ya gyaru. Lakar ce kawai ta kwanta. A 1854 a Landan, har yabon daɗin ruwan wani famfo ake yi, sai da likita John Snow ya bi gida-gida ya gano shi ke kashe mutane, aka cire hannun famfon. Shi ma garau yake.

Kada wanda ya ce min haka kakanninmu suka sha. Duniya ta ƙara zafi, 2024 ta fi duk shekarun da aka auna kafin ta, kuma duk ƙarin digiri 1 iska na ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100. Shi ya sa ruwa ke zubowa kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta kasa shanyewa, rijiyar da ba ta taɓa cin ambaliya ba bana ta ci.

Na sani, tafasa ruwa na cin wuta da lokaci, ga aiki ya yi muku yawa. Amma ya fi kwana uku a bakin gadon asibiti sauƙi.

- A tace, a tafasa sosai na minti 1, ko a jefa ƙwayar kulorin, maganin tsaftace ruwa, a jira minti 30.
- A rufe mazubin, kada hannu ya shiga.
- Gudawa ta fara? Tafasasshen ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A haɗa, a riƙa ba yaron kuna hanyar asibiti, mai shan nono a ci gaba da shayar da shi.

Mako mai zuwa za mu zaga gidaje. Duk wadda ta sake ce min garau, tukunyar tafasawa zan ce ta nuna min.