Bobin a ƙananan na'urorin daidaita wuta

Bobin wayar jan ƙarfe ce da aka naɗe a kan ƙwayar ferit (wani irin tangaran mai ɗaukar maganaɗisu) ko garin ƙarfe. Tana riƙe ƙarfin lantarki a matsayin maganaɗisu na ɗan lokaci, sannan ta sake shi. Ana samunta a sashen da ke rage ko ƙara bolt ta hanyar kunnawa da kashewa da sauri, a cikin wayar salula, rediyo da fitilar sola. Masu gyara a Yamai da Tahoua sun aro sunan daga Faransanci.

Tarihi

A 1831 Michael Faraday ya nuna a Landan cewa sauyin maganaɗisu na haifar da lantarki a cikin waya. Joseph Henry na Amurka ya gano hakan a wajajen lokacin, amma sai 1832 ya wallafa aikinsa. Wanda ya riga wani, har yau da saɓani. Sunan Henry aka bai wa ma'aunin bobin a taron masana lantarki na duniya da aka yi a Chicago a 1893. Ferit kuwa, wanda ya sa bobin ta ƙanƙance, Yogoro Kato da Takeshi Takei ne suka samar da shi a Tokyo wajen 1930.

Zaɓe

Galibi ana amfani da bobin mai ƙimar mikrohenri 1 zuwa 22 (mikrohenri kashi ɗaya ne cikin miliyan na henri), kuma takardar bayanin cip ɗin da ke kunnawa da kashe wutar ita ke faɗin adadin. Rubutun bayan bobin yakan ruɗi sabon shiga: 4R7 na nufin 4.7, amma 100 na nufin 10, ba ɗari ba.

Babban abin lura shi ne ƙoshin ƙwaya. Idan wutar da ke ratsa bobin ta wuce iyaka, ferit ba ya ƙara ɗaukar maganaɗisu, sai ƙimar bobin ta faɗi, cip ya yi zafi. Na'urar da ke cin miliamfa kaɗan ma ba ta tsira ba, domin cip ɗin yakan tura wuta tsit-tsit, kowane turi ya ninka abin da ake ci nesa ba kusa ba. Zafi kuma yana rage iyakar, abin da ya shafi fitilar da ke yini a rana a Tahoua cikin Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40.

Bobin mai siririyar waya ba ta cin wuri, amma tana shanye batir. Mai rufin da ke tsare maganaɗisu ta fi dacewa kusa da eriya, don ba ta watsa hayaniyar da ke dagula sigina.